Mai Gyaran Makullai da Ya Ɗauki Hoton Mutuwar Tauraro

A daren 20 ga Satumba, 2016, wani mai gyaran makullai a birnin Rosariyo na ƙasar Ajantina, mai suna Victor Buso, ya hau soron gidansa domin ya gwada sabuwar kyamarar da ya ɗaura wa na'urarsa ta hangen nesa, wadda faɗin madubinta santimita 40 ne. Sha'awa ce kawai ta kai shi, ba aikin jami'a ba. Ya auna wani gungun taurari na sararin kudu da ake kira NGC 613, mai siffar naɗin faifai, wanda haskensa kan yi tafiyar fiye da shekara miliyan 60 kafin ya iso gare mu.

To, yaya ake ɗaukar hoton abin da ido ba ya gani? Ido ba ya tara haske, amma kyamara tana tarawa, kamar yadda ɗigon indararo kan cika randa a hankali. Saboda haka akan bar idon kyamara a buɗe na wani lokaci. Da yake duniya tana juyawa, wajibi ne a ɗora na'urar bisa ƙaramin inji mai bin tafiyar taurari, in ba haka ba kowane tauraro sai ya fito kamar zare. Fitilun birni kuma suna dusashe hoto idan an daɗe, shi ya sa Buso ya riƙa ɗaukar hotuna na daƙiƙa 20 kowanne. Irin waɗannan ake harhaɗawa a kwamfuta su zama hoto guda.

Hotunan farko ba su nuna wani baƙon abu ba. Can sai wani ɗigo ya bayyana a gefen gungun, yana ƙara haske cikin 'yan mintoci. Ashe wani ƙaton tauraro ne ya fashe, kuma hasken farko na fashewar ne ya faɗo cikin kyamarar. Masana sun daɗe suna lissafin yadda wannan lokaci zai kasance, amma ba wanda ya san tauraron da zai fashe, balle ranar. An sa wa fashewar suna SN 2016gkg, kuma mujallar Nature ta buga binciken a 2018, har da sunan Buso cikin marubutan.

Ɗaliban Kano ko Zariya su sani cewa gungun nan yana tasowa sosai a kudancin sararinsu da tsakar dare a watan Oktoba, kafin ƙurar hunturu ta rufe sama.