Ibro: Sunan da Ya Haɗiye Mai Shi

Idan mai karatu ya tsaya a bakin kasuwa a kowane gari na ƙasar Hausa ya tambayi yaro ko ya san Rabilu Musa, mai yiwuwa ne yaron ya tsaya sosa ƙeya. Amma da zarar an ce Ibro, kafin a rufe baki zai fara murmushi. Marigayin, ɗan asalin Ɗanlasan ta jihar Kano, ya riga mu gidan gaskiya ranar 10 ga Disamba, 2014, to amma har gobe guntayen finafinansa na yawo a wayoyin jama'a, daga Kano har Maraɗi da Zangon Kumasi.

Abin da nake son mu duba a yau shi ne yadda wannan suna na wasa ya danne sunan yanka, da ribar da mai shi ya ci, da kuma abin da ya biya.

Kafin ya tsunduma harkar fim, Rabilu Musa ma'aikacin gidan yari ne, wato gandiroba. Ya shigo a daidai lokacin da finafinan soyayya masu waƙa da rawa irin na Indiya suka mamaye kasuwar kaset, inda kusan kowane jarumi ɗan gidan masu hali ne, ga mota, ga falo mai kujerun alfarma. Sai ga wani ya ɓullo da riga jemammiya, yana zare ido, yana magana kamar ana binsa da gudu, ga cika baki ga tsoro, ga wayon da kullum shi yake kayar da shi. In an ba shi ajiya sai ya ci, in an kama shi sai ya rantse, in rantsuwa ba ta yi ba sai ya ɗora wa matarsa, ko Tsigai ce ko Dumɓaru. Irin waɗannan finafinai su aka laƙaba wa suna camama, kuma ba don yabo aka raɗa sunan ba. Masu ganin kansu wayayyu sun riƙa yi musu kallon hadarin kaji, alhali kuwa a Bata da Ƙofar Wambai, inda ake cinikin kaset, 'yan kasuwa sun san wanda ke kawo musu ciniki.

Ko shakka babu ba daga sama wannan salo ya faɗo ba. Bahaushe ya daɗe da sanin ɗan kama, wanda kan kwaikwayi zaman malami da muryarsa, amma karatun nasa duk na tuwo da miya ne. A zamanin talabijin kuma an yi Samanja, wato Usman Baba Pategi, tsohon soja da ya mayar da tsawar bariki abin dariya. Inda Ibro ya sha bamban shi ne, shi sunansa ya zama riga mai shiga kowa. Furodusa ba ya buƙatar dogon labari. Ya isa ya ɗauko abin da gari ke magana a kai ya liƙa masa Ibro a gaba. Da waƙoƙin Awilo Longomba na Kwango suka cika gari sai aka yi Ibro Awilo. Da duniya ta ɗauki zancen Usama bin Ladan sai ga Ibro Usama a 2002, fim ɗin da ya jawo masa fushin wasu malamai, sannan Ibro Saddam ya biyo baya a 2003. Mai sayen kaset ya riga ya san halin mutumin da zai gani, abin da ya rage masa kawai shi ne ganin yadda zai ɓata sabuwar rigar da aka sa masa.

A nawa ganin, nan ne ƙarfin abin yake. Talaka ba ya iya tsayawa gaban ɗan sanda ko mai kuɗin unguwa ko malamin tsibbu ya faɗa masa aibinsa, amma in Ibro ya sa kakin ya zuzuta halin har ya wuce misali, sai kowa ya gane wanda ake nufi ba tare da an kama suna ba. Wauta ce ta zama garkuwarsa, domin ba a cika riƙe wawa da magana ba.

To amma garkuwar ba kullum take tarewa ba. A shekarar 2008, lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta matsa wa 'yan fim lamba, kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Rabilu Musa ɗaurin wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Ibro ne ya yi rawar, amma Rabilu ne ya kwana a kurkuku. Mutumin da ya taɓa riƙe makullin gidan sai ga shi an kulle shi a ciki. Ko mutum yana goyon bayan hukumar ko ba ya yi, ai wannan abin a tsaya a yi tunani ne.

Akwai kuma wani ɗaurin da ba alƙali ne ya yi ba. Duk wanda ya lura da yadda marigayin ke sarrafa fuska da murya, da yadda yake sanin daidai inda zai yi shiru, zai yarda cewa yana da baiwar da ta fi ƙarfin ihu da guje-guje. Sai dai kasuwa ba ta son caca. Tunda sunan na sayar da kaset, an yi ta buga finafinai a gurguje, wasu ma ba su da kai ba su da gindi, face dai an ga Ibro a bangon kwali. Mu ma 'yan kallo muna da namu laifin, don ko ya fito da fuskar tausayi dariya muke jira. Ba mu kaɗai ba ne da wannan hali: a kudancin ƙasar nan ma haka sunan Mista Ibu ya bi John Okafor tun daga fim ɗin 2004 har rasuwarsa a 2024.

Masu barkwanci da dama sun biyo bayansa a Kannywood, irin su Bosho da Daushe, kuma kowa da nasa masoyan. Kasuwar kaset ɗin da ta raini Ibro kuwa ta mutu, harkar ta koma YouTube da tashoshin tauraron ɗan Adam, inda tsofaffin finafinan nasa, masu dishi-dishin hoto da ƙarar iska, ke ci gaba da samun masu kallo. Allah Ya jiƙan Rabilu Musa, Ya sa ya huta.