Yadda za a kare jikin jirgin ruwa daga gugar bango da duwatsu



A wannan shafi mun saba magana kan gona, da dabbobi, da tsabtar gida. Yau za mu gangara bakin ruwa. Jirgin ruwa shi ma kayan aiki ne, kamar hauya, kamar amalanke. Da shi masunci ke kai komarsa tsakiyar ruwa. Da shi manomi ke ƙetaro da shinkafa da albasa da rake zuwa kasuwa. Da shi ake kai mace mai naƙuda likita idan ruwa ya yanke hanya.

Kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa, ya ratsa ƙasarmu wajen kilometir 550, daga iyakar Mali, ta Ayoru da Tillaberi da Yamai, har zuwa Gaya. Ban da shi akwai tafkin Madarunfa a jihar Maraɗi, da na Tabalak a jihar Tawa, da na Gidimuni a jihar Damagaram, inda mutane da yawa ke cin abinci da su.

A da, kan rairayi ko kan laka ake tsayar da jirgi. Yanzu a wurare da dama an gina gaɓar ruwa da siminti, ko an jera mata manyan duwatsu domin tare ambaliya. Wannan gini yana kare gari. Amma jirgin da aka jingina da shi babu kariya, ginin cinsa yake yi sannu a hankali.

Abin da na gani a bakin kogi

Wata shekara ina rangadin makarantun yaƙi da jahilci a yankin Gaya, sai na iske mutane sun taru a matsayar jirage. Wani magidanci ne ya loda wa jirginsa buhunan shinkafa da maraice, da niyyar ya yi sammako zuwa kasuwa. Ya ɗaure jirgin tam a jikin wani bangon duwatsu, ya tafi gida. Cikin dare iska ta taso. Da asuba ya iske ruwa ya kai rabin jirgin, buhunan ƙasa duk sun jiƙe. Da aka jawo jirgin tudu, sai ga katako ɗaya na gefe ya goge har ya tsage, ƙusoshi uku sun fita.

Mutumin ya yi asarar kasuwar ranar, ya sayar da jiƙaƙƙiyar shinkafa da araha, ya kuma biya kafinta. Amma ya gode wa Allah. Da tsagin bai buɗe ba sai a tsakiyar kogi, da mutane cikin jirgin, da maganar ta wuce ta shinkafa.

Me ke cin jikin jirgi?

Ruwa ba ya tsayawa cik. Ko da dare ya yi tsit, akwai ɗan motsi. Iska tana kaɗa shi, jirage masu inji suna wucewa suna tayar da igiyar ruwa. Duk lokacin da ruwa ya motsa, jirgi ya ɗaga, ya sauka, ya gogi bango.

Mu yi lissafi tare. A ce jirgi yana gugar bango sau ɗaya cikin kowane sakan 5. A minti ɗaya ya goga sau 12. A awa ɗaya ya goga sau 720. Daga magariba zuwa asuba, awa 10 ke nan, ya goga sau 7.200. Wannan dare ɗaya ne kawai. Hausawa sun ce yau da gobe kan sa allura ta haƙa rijiya.

Ɓarnar tana bin mataki uku. Da fari fenti ko kwalta ke gogewa, katako ya tsaya tsirara, ruwa ya shige shi, ya fara ruɓa. Na biyu, bugun yana girgiza ƙusoshi, mahaɗar katakai ta saki, tsumman da aka toshe ta da shi ya fita. Na uku, dutse mai tsini ko guntun ƙarfen da ya fito daga siminti yana iya huda katako a dare ɗaya. Jirgi mai kaya ya fi shan wahala, domin nauyinsa yana ƙara wa bugun ƙarfi.

Maganin abin ɗaya ne: kada jikin jirgi ya taɓa bango. A sa wani abu mai taushi, mai araha, tsakaninsu, shi ya sha gugar.

Kariya ta farko: tsohuwar taya

Tsohuwar taya ita ce kariyar da aka fi sani a matsayar jirage ko'ina cikin duniya. Tana da taushi, ruwa ba ya ruɓar da ita, kuma ana samunta wurin mai facin taya da kuɗi kaɗan. Ƙaramin kwalekwale tayar babur ta ishe shi. Babban jirgin kaya yana bukatar tayar mota.

Ga abin da za a kiyaye:

1. A rataya taya uku ko fiye: ɗaya wajen gaba, ɗaya wajen baya, ɗaya a tsakiya inda jirgi ya fi faɗi. Tsakiyar nan ita ke fara taɓa bango.
2. A duba tsawon igiyar kowace taya, domin tayar ta tsaya daidai inda jirgi da bango ke haɗuwa. Idan an loda kaya jirgi ya nutsa, sai a sake gyara ta.
3. Kada a yi aiki da tayar da wayar ƙarfe ta fito mata. Wayar tana karce katako, tana kuma yankar hannu.
4. A huda ƙasan tayar domin ruwa ya riƙa zuba.

Wanda bai samu taya ba, kada ya zauna haka nan. Buhun da aka cusa wa tsumma, ko tsohuwar koma, ko ƙaiƙayin shinkafa, yana aiki. Damin kara ko na kaba da aka ɗaure da kyau yana aiki na ɗan lokaci. Bidon roba wanda babu komi cikinsa, an rufe bakinsa sosai, yana iya kare ƙaramin jirgi inda bangon yake da santsi. A kan dutse mai tsini kuwa fashewa yake yi.

Kariya ta biyu: katakon tsakani

Idan bangon yana da kaushi ƙwarai, ko duwatsun sun fito wani ya fi wani, taya kaɗai ba ta isa ba. Takan faɗa cikin rami tsakanin duwatsu biyu, ko ta maƙale ta juye sama, sai jirgi ya koma gugar dutse. A nan ake bukatar katakon tsakani.

A nemi katako mai ƙarfi. Tsawonsa kamu 3 zuwa 4, wato metir 1 da rabi zuwa metir 2. Faɗinsa taƙi ɗaya. Kaurinsa yatsa uku. Ba sai sabo ba, tsohon katakon gini ya isa, in dai an cire masa ƙusoshi.

A huda shi kusa da kowane ƙarshe. A fuskar da za ta dubi bango, a sassaƙa ɗan kwari daga ramin zuwa bakin katakon na sama, domin igiya ta kwanta ciki. In ba a yi haka ba, bango zai cinye igiyar, katakon ya faɗa ruwa. A kuma rage kaifin kusurwoyinsa don kada su maƙale a dutse.

Sa'an nan a rataya taya biyu a gefen jirgi, a rataya katakon a kwance a bayansu. Jerin ya zama haka: jirgi, taya, katako, bango. Katako ya sha kaushin dutse, taya ta shanye ƙarfin bugu, jikin jirgi ya huta. Idan katakon ya goge, sai a juya shi ko a sake wani. Canza katako ɗaya da ke rataye ya fi sauƙi bisa ga canza katakon jikin jirgi.

Kariya ta uku: ɗauri mai kyau

Taya da katako ba su da amfani idan jirgi yana yawo gaba da baya, domin zai zame ya bar su. A kogi, goshin jirgi ya fuskanci inda ruwa ke fitowa. Babban jirgi yana son igiya huɗu:

1. Ɗaya daga goshi, a ja ta gaba a ɗaure.
2. Ɗaya daga gindi, a ja ta baya a ɗaure.
3. Ɗaya daga goshi, a ja ta baya.
4. Ɗaya daga gindi, a ja ta gaba.

Biyun ƙarshe suna gittawa juna. Su ne ke hana jirgi zamewa a jikin bango. Inda igiya ke gugar bakin siminti, a zura ta cikin guntun tsohon tiyo, ko a naɗe ta da robar cikin taya.

Kada a yi ɗauri da gajeruwar igiya, domin ruwa yana hawa yana sauka. A Yamai kogi yana cika sau biyu a shekara. Akwai jan ruwa na damina, cikin Agusta da Satumba, wanda kan hau da sauri bayan an yi ruwa mai yawa. Akwai kuma ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine, wanda kan cika wajen Disamba da Janairu. A Satumba ta shekarar 2020 ruwan ya kai metir 7 a ma'aunin Yamai. Tafkuna kuwa janyewa suke yi da rani. Idan igiya gajeruwa ce ruwa ya sauka, jirgi zai rataye ya karkace. Idan ruwa ya hau, igiyar za ta danne gefen jirgi har ruwa ya shiga. Doguwar igiya da aka ɗaure can nesa tana barin jirgi ya hau ya sauka tare da ruwa.

In da hali, a raba jirgi da bango gaba ɗaya

Wannan ita ce dabarar da ta fi duka. Inda ƙasan ruwa laka ce, a kafa sanduna biyu masu ƙarfi tsakanin jirgi da bango, a ɗaure jirgin a jikinsu. Inda ruwa ke da zurfi, a ɗaura wa dutse mai nauyi igiya, a jefa shi ta wajen tsakiyar ruwa, a ja jirgin ya bar bango da kamu biyu ko uku. Tsawon igiyar ya kai zurfin ruwan sau uku ko fiye, domin dutsen ya kama ƙasa.

A kuma lura da iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadarin damina ma galibi daga gabas yake tasowa. A zaɓi wurin da iska za ta tura jirgi nesa da bango, ba wurin da za ta matse shi a kai ba. Ƙaramin kwalekwale kuwa, idan an ga hadari, gara a jawo shi tudu.

Abin da ya shafi lafiyarmu

Na ɗaya: kada kowa ya sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da bango don ya tare shi. Jirgi mai kaya yana iya murƙushe yatsu, ko ya karya ƙafa. A tare shi da sandar tuƙi, ko a jefa taya tsakani. A gargaɗi yara masu wasa a bakin ruwa.

Na biyu: ruwan da ya kwanta cikin taya gidan sauro ne. Cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan sauro yana iya zama sauro mai tashi. Irin sauron da ke kawo ciwon shawara da zazzaɓin denge yana son ruwan cikin taya ƙwarai. Shi ya sa muka ce a huda ƙasanta. Tayoyin da aka ajiye a gida, a sa su ƙarƙashin rumfa.

Na uku: wanda ƙusa ko waya ta soke shi, ya wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ya tafi likita don allurar rigakafin sandarewar jiki.

Duba na kowane mako

Ranar da ba a fita aiki ba, a kwashe ruwan cikin jirgi, a bi gefensa da ido da hannu. Inda kwalta ta goge, a bar wurin ya bushe, a sake shafawa. Inda ake shakka, a danna tsinin wuƙa: idan ta shige da sauƙi, katakon ya ruɓe, a kira kafinta. Ƙusar da ta ɗago a mayar da ita ko a sake wata. Idan ruwan da ake kwashewa da safe ya fi na jiya, akwai wurin da ya buɗe. Kada a ɗauki mutane sai an gano shi.

Jama'a, taya uku, katako ɗaya da igiya ba su kai kuɗin gyaran jirgi ba, balle ran mutum. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba tukuna. Masu jirage na gari ɗaya suna iya haɗa hannu su rataya tayoyi a jikin bangon matsayarsu, kowa ya amfana. A makaranta kuma, a tattauna wannan tambaya tare da malami: a matsayar jiragen garinmu, wane wuri ne ya fi cin jirgi, kuma me za mu sa a wurin kafin ruwa ya cika?

Allah ya kiyaye mu a tudu da cikin ruwa, amin.