Kayan Aikin Makanike na Farko: Ɓarnar Akwati Mai Ƙyalli a Garejojin Damagaram

Gyaran mota da babur na cikin sana'o'in da suka fi ɗaukar matasa a birnin Damagaram, kuma ba abin mamaki ba ne, domin garin yana zaune a mahaɗar manyan hanyoyi: wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi ta zarce Diffa, wadda ta gangaro daga Agadas, da waɗanda suka nufi Kano ta Matamai ko ta Magarya. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 tankoki suka ƙaru a kan waɗannan hanyoyi, ga kuma baburan kabu-kabu da suka cika unguwar Zango da Birni, waɗanda kusan kullum sai an taɓa wani abu a jikinsu. Saboda haka ba a rasa yaran gareji da iyayen gidansu ke yayewa, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana fuskantar tambaya guda, wato yadda zai sayi kayan aikinsa na farko da ɗan abin da ya tara ko wanda dangi suka haɗa masa. A nan ne da yawa suke yin kuskuren da ke bin su shekaru.

Kuskuren shi ne sayen babban akwatin roba mai ɗauke da kaya sama da ɗari, kowanne a cikin raminsa, suna walƙiya ana buɗe murfi. Mai saye yakan ƙirga yawan kayan ya raba da kuɗin, ya ga kamar ya yi tsintuwa, alhali idan aka zazzage akwatin za a tarar kusan rabinsa ƙananan kawunan sukundireba ne da lambobin da ba zai taɓa cin karo da su a jikin Toyota ko babur ba, sauran rabin kuma, wanda shi ne zai riƙa ɗauka safe da yamma, an yi shi da ƙarfe mai laushi da aka shafa wa ruwan ƙyalli. Araha ba ta ado, amma a wannan sana'a lamarin ya wuce na ado, domin asarar ba ta tsayawa a kan wanda ya sayi kayan.

Yana da kyau a fahimci abin da ke faruwa tsakanin sifana, wadda a Damagaram aka fi kira kile, da kan noti. Kan noti yana da fuska shida da kusurwa shida, kuma sifana mai kyau tana zama daram a kan fuskokin, ta yadda ƙarfin hannu zai bazu a kansu. Sifanar da aka ƙera da ganganci kuwa bakinta yakan ɗan fi lambar da aka rubuta a jikinta faɗi, sannan idan aka matsa mata sai leɓunanta su ƙara buɗewa saboda laushin ƙarfen, nauyin duka ya koma kan kusurwoyi. Ja na farko kusurwa ta ɗan kwanta, ja na biyu sifana ta suɓuce, kafin a ankara kan notin ya cinye ya zama mulmulalle, babu abin da zai sake kama shi. Inda aka fi ganin haka shi ne notin juye baƙin mai da ke ƙarƙashin inji, wanda a yawancin motocin Toyota lamba 14 ne. Aikin da bai kamata ya wuce rubu'in sa'a ba sai ya cinye yini: a ɗauko cizal da guduma ana saran gefen notin, idan ya ƙi a kira mai walda ya liƙa masa wani ƙarfe, idan an yi rashin sa'a kuma a tsage tukunyar man ko a lalata zaren da notin ke ɗauruwa a ciki. A jikin babur abin ya fi muni, saboda jikin injin na alminiyom ne, wanda ba ya jure duka. Mai abin hawa ya zo canjin mai ya koma gida da ɗigon mai, kuma ba zai tsaya binciken ko sifana ce ta jawo ba, abin da zai faɗa a tasha shi ne yaron bai iya aiki ba. Ga kuma gaɓoɓin yatsu da ke bugun ƙarfe duk lokacin da sifana ta suɓuce, rauni da ake ɗaure shi da tsumma mai baƙin mai a ci gaba da aiki kamar ba komai.

Laifin bai tsaya ga yaran ba. Maigidan da ya riƙe yaro shekaru yana aikensa sayen shayi da wankin inji, amma bai taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake gane ƙarfe ba, ballantana ya raka shi kasuwa ranar da zai kashe duk abin da ya mallaka, bai sauke nauyin da ya ɗauka ba. Abin ya fi zama abin kunya a garin da maƙeransa suka ƙera manyan bindigogi a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. A ce jikokinsu ne ake ruɗa da fenti.

Matakin farko ga mai ƙaramin jari shi ne ya san irin abin hawan da zai riƙa taɓawa, domin lambobin da ke jikin sifana faɗin kan noti ne a ma'aunin milimita, kuma kowace ƙasa tana da lambobin da masana'antunta suka saba da su. Motocin Japan, da baburan China da aka kwaikwaya daga na Japan, suna yawo ne a kan 8, 10, 12, 14, 17 da 19, sai notin tayar Toyota da ke kan 21. Motocin Turai irin su Peugeot da Mercedes suna yawan amfani da 13, wadda da wuya a same ta a jikin Toyota, tare da 11 da 16 da 18 a wasu wurare. Akwai kuma tarkon sifanun inci, waɗanda aka yi don injunan Amurka da tsofaffin na Ingila, kuma sukan shigo a gauraye cikin kayan hannu. Mai lamba 9/16 faɗinta ya kai kusan milimita 14.3, don haka takan hau notin 14 har mutum ya ɗauka ta zauna, alhali wannan ɗan sararin ya isa ya cinye kusurwa.

Idan an san lambobin, fiye da rabin kuɗin ya kamata ya tafi ga abu biyu kawai. Na ɗaya shi ne sifana mai kai biyu, gefe guda buɗaɗɗen baki, ɗaya gefen zobe, a sayi lambobin da ake buƙata ɗaya bayan ɗaya ko da guda bakwai ne, kuma a riƙa fara kwance noti da gefen zobe saboda yana rungumar kan gaba ɗaya. Lamba 10 a sayi biyu, don ita ce ke fara ɓacewa. Na biyu shi ne soket, wato ƙoƙon ƙarfe da ake kifawa a kan noti a juya shi da hannu na musamman. Wanda cikinsa ke da kusurwa shida ya fi mai goma sha biyu riƙe tsohon noti mai tsatsa. Ga mai gyaran mota, soket mai mazaunin rabin inci tare da doguwar sandar kwancewa ya fi amfani a farko, domin sandar ba ta da haƙoran da za su karye, kuma tana hana ɗabi'ar nan ta zura bututu a wutsiyar sifana ana takawa da ƙafa. Mai gyaran babur zai ƙara da soket ɗin fulogi, wato buji, daidai da irin baburan da ke zuwa masa.

Gane mai kyau a kasuwa ba ya buƙatar boko. Wanda zai je Kasuwar Dole, ko ya tsallaka zuwa Ƙofar Ruwa a Kano inda ake hada-hadar kayan mota, ya sa sababbin noti biyu ko uku a aljihu, ya ɗora sifanar a kai ya girgiza: idan tana rawa ya ajiye ta, komai zaƙin bakin mai shago. Ya duba cikin bakin ko sumul yake ko akwai kaushi da tabon zubi, ya kuma lura ko ƙyallin yana ɓarewa a gefe. Tambarin Cr-V da ake bugawa a jiki yana nufin an gauraya ƙarfen da sinadaran kurom da banadiyom don ya yi tauri ba tare da saurin karyewa ba, sai dai buga haruffa ba shi da wuya, kuma masu jabu sun daɗe da sanin cewa ana neman su. Sau da yawa tsohuwar sifanar Facom ta Faransa ko Gedore ta Jamus da aka samu a tarin kayan hannu, baƙa wuluk babu ƙyalli, ta fi sabuwar cikin akwati nesa ba kusa ba, muddin bakinta bai buɗe ba kuma ba a taɓa yi mata walda ba. Ba duk kayan China ne marasa kyau ba. Akwai masu daraja-daraja, kuma notin aljihu ne zai raba gardama.

Sifana mai daidaitawa, wadda ake buɗe bakinta da ɗan gare, ita ce abokiyar malalaci, kuma ta lalata noti fiye da kowane ƙarfe a gareji, don haka a ajiye ta don riƙe bututu da makamantansa. Haka nan sukundireba: a sayi mai faɗi biyu da mai kuros biyu masu taurin baki, a daina mayar da su cizal. Sukurorin murfin injin babur sukan ƙi fita, kuma maganinsu shi ne sukundireban bugu, wanda ke juya kansa idan an doke shi da guduma.

Sauran kayan ba su da yawa: filaya ta gama-gari da mai kulle, guduma matsakaiciya, alanki, buroshin waya da zarton ƙarfe. Sifanar auna ɗauri tana da tsada, ana iya aronta wurin maigida ranar ɗaure kan inji har a samu halin saye. Abin da ba a aro kuma ba a jinkirtawa ga mai shiga ƙarƙashin mota shi ne ƙafafun ƙarfe na tokare ta, domin jak na ɗagawa ne kawai, kuma a ƙasa mai yashi irin ta garejojin da ke gindin dogon yaro yakan nutse ko ya goce, tubalin siminti kuwa yakan fashe ba tare da ya ba da sanarwa ba. A shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin kowace ƙafa, a kuma datse tayoyin da ke ƙasa gaba da baya kafin a shiga.