Caji Ofis Ba Wurin Karɓo Bashi Ba Ne

A kasuwanninmu, daga Kantin Kwari har Dawanau, akwai wata shawara da ta kusa zama doka: idan mutum ya karɓi kuɗinka bai kawo kaya ba, ko ya ɗauki kayanka ya ƙi biya, kada ka wahalar da kanka wurin lauya, ka miƙa shi ga 'yan sanda. Masu wannan ra'ayi suna cewa kwana ɗaya a bayan kanta ya fi shekara uku a kotu, domin da zarar dangi sun ji an rufe ɗan'uwansu, kuɗi za su fito ko daga ina. Ina ganin girman masu faɗin haka, don akasarinsu mutane ne da aka taɓa cuta. Sai dai shawarar tasu takan jefa mai gaskiya cikin asarar da ta fi ta farko.

Mu fara ba su gaskiyarsu. Shari'a a manyan kotunan Najeriya tana tafiyar hawainiya, yau a ɗage, gobe a ɗage, ga kuɗin lauya, ga na mota. Ɗan kasuwar da jarinsa ya maƙale a hannun wani ba ya iya jiran shekaru, kasuwa kuwa ba ta jiran kowa. Wannan koke ne na gaskiya. Amma jinkirin kotu bai mai da ɗan sanda alƙali ba.

Doka ta yi magana ƙarara a nan. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko don wata taƙaddama da ba ta laifi ba. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ma ta riga ta faɗi haka a sashe na 8. Tun kafin waɗannan dokoki, a 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bayyana a shari'ar McLaren da Jennings cewa karɓo bashi ba ya cikin aikin 'yan sanda. A 2018 Kotun Ƙoli ta yi wa hukumar EFCC irin wannan tuni. Wato wanda ya kai cinikin da ya lalace caji ofis, yana roƙon jami'i ne ya yi abin da doka ta hana shi.

Shari'ar Kure da Kwamishinan 'Yan Sanda ta ishe mu darasi. An ba wani likitan dabbobi kwangilar kawo ɗan raƙumin dawa ga wata ma'aikata ta Jihar Ribas, aka biya shi, dabba ba ta iso ba. Maimakon a nemi kuɗin ta hanyar ƙarar farar hula, sai aka kai maganar ga 'yan sanda a Kaduna. Kotun majistare ta same shi da laifi, kotunan gaba suka tabbatar, har magana ta kai Kotun Ƙoli. A 2020 ta rushe hukuncin, ta ce wannan saɓa yarjejeniya ce, ba laifin da ake ɗaure mutum a kansa ba. Ga hanyar da ake cewa gajera ce, ta ci shekaru, ta ƙare da sallamar wanda ake ƙara.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Idan wanda kake bi bashi ya samu lauya, yana iya zuwa Babbar Kotu ya yi ƙarar take haƙƙinsa, ya haɗa 'yan sanda da kai da ka ingiza su. Kotuna sun sha ɗora wa masu kai irin wannan ƙorafi biyan diyya. Sai reshe ya juye da mujiya: kai da kake bi, kai ne za ka biya. Ita ma takardar alkawarin biya da ake sa mutum ya sa wa hannu a caji ofis ba ta da ƙarfin da ake zato, domin gobe zai iya gaya wa alƙali cewa tilasta masa aka yi.

Za a ce, to macuta fa? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma doka ba ta manta da su ba. Zamba da cin amana laifuka ne a kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa. Wanda ya sayar maka da filin da ba nasa ba, ko ya ƙirƙiro kamfanin da babu shi don ya karɓe maka kuɗi, ko ya ba ka cekin da ya san babu komai a asusunsa, wannan maganar 'yan sanda ce. Bambancin yana ga niyya tun farko. Wanda ya shiga ciniki da nufin cikawa, sannan farashi ya tashi ko kaya suka lalace a hanya ya kasa, ya saɓa alkawari, kuma dole ya biya, amma ba ɓarawo ba ne. Gane wannan bambanci shi ne amfanin farko na zama da lauya, ko da na awa ɗaya ne.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa ganin lauya daidai yake da shiga kotu. Ba haka ba ne. Lauya zai fara duba abin da ke hannunka: rasit, shaidar tura kuɗi ta banki, saƙonnin WhatsApp, dillalin da aka yi cinikin a gabansa. Yarjejeniyar baka ma yarjejeniya ce a idon doka, in ban da irin cinikin fili da ake buƙatar rubutu, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta buɗe ƙofar karɓar bayanan waya da kwamfuta. Daga nan sai ya rubuta wasiƙar neman biya mai wa'adi. Sau da yawa wannan wasiƙa kaɗai takan sa mai taurin kai ya nemi a zauna.

Idan ba ta yi ba, akwai matakai kafin Babbar Kotu. Shugabannin kasuwa da dattawan unguwa suna sulhu, abin da ake buƙata kawai shi ne a rubuta abin da aka amince a sa hannu gaban shaidu. Akwai zauren sasanci da ke ƙarƙashin kotu, wanda Legas ta fara a 2002, Kano ta buɗe nata a 2009. Idan alƙali ya amince da sulhun da aka yi a can, ya zama hukunci. Akwai kotunan ƙananan basussuka da Legas ta ƙaddamar a 2018 da iyakar naira miliyan 5 da burin gama shari'a cikin kwana 60, Kano ta bi sahu, kuma mutum yana iya tsaya wa kansa ba tare da lauya ba. Ga kotunan shari'ar Musulunci, inda mai da'awa ke kawo shaidu, mai musu ya yi rantsuwa. Wanda ba shi da hali yana iya neman shawara a ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976, ko a cibiyoyin taimakon shari'a na tsangayoyin lauya a jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello.

Abin da kotu ke bayarwa kuma ya fi tsoratarwa ƙarko. Tana iya umartar a mayar maka da kuɗin kafin alƙalami, a biya ka asarar da saɓawar ta jawo, wani lokaci ma ta tilasta a cika cinikin. In mutum ya ƙi bin hukunci, ana iya umartar bankinsa ya biya daga asusunsa, ko a kama kadararsa a yi gwanjonta. Babu ɗan sandan da doka ta ba wannan iko. Kuma a tuna, haƙƙin shigar da ƙara yana da wa'adi: shekara 6 a Legas da Abuja kan yarjejeniya ta yau da kullum, shekara 5 a wasu jihohi. Duk watannin da aka ɓata ana zarya caji ofis, daga cikin wa'adin suke fita.

Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Don haka, 'yan'uwa 'yan kasuwa, mu rubuta cinikinmu ko da ɗan'uwa muke yi, mu adana rasit. Ranar da aka saɓa mana kuwa, mu nemi masanin doka ya faɗa mana ƙofar da ta dace kafin mu sa a rufe kowa.