Yaron Da Ake Kira Daƙiƙi

Wai shin 'yar'uwa, sau nawa kika ji uwa ta ce da ɗanta "daƙiƙi" don kawai hadda ta gagare shi? Akwai wani yaro a unguwarmu a Kazaure, kullum shi ne kurar baya a aji, har mahaifinsa ya rantse zai cire shi daga makaranta. Amma fa in ya tsuguna gindin dalbejiya ana dara, dattawa ma sai sun yi gumi.

Tun a 1943 wani masani haifaffen Ingila, Raymond Cattell, ya kasa basira gida biyu. Akwai sanin da mutum ya tara ta hanyar karatu da zaman duniya, wanda ke ƙaruwa har girma ya kama. Akwai kuma kaifin kai na warware matsalar da ba ka taɓa cin karo da ita ba. Wannan kan kai ƙarshen ƙarfinsa ne wajen shekara 20 da 'yan kai, sannan ya riƙa ja da baya sannu a hankali.

To dubi dara. Gurbi 30 ne, kowa da 'ya'ya 12, burinka ka jera uku. Ba hadda a ciki. Dole ka riƙe a ka inda za ka taka, da inda abokin wasa zai tare ka, ka kuma danne zuciyarka daga takun da ya fara ba ka sha'awa. Wannan ma'ajiyar wucin gadi ta ƙwaƙwalwa ƙarama ce ƙwarai. A 2001 Nelson Cowan na Amurka ya ce abu kamar huɗu take ɗauka a lokaci guda. Tsoro kuwa cinye gurbin yake yi. Shi ya sa yaron da aka tsare da bulala yakan manta abin da ya sani sarai, mu kuma mu ce iskanci ne.

Ranar nan na gwada shi da wasa ƙwaƙwalwar nan ta mai fito da kura da akuya da damin harawa, jirgi kuma ɗaya-ɗaya yake ɗauka. Ni kaina sai da na kwana ina juya ta. Shi kuwa ya ɗan yi zane a ƙasa, ya ce, "Yaya, ai dawowa zai yi da akuyar."

A daren na je na sami mahaifiyarsa. Mahaifin dai ya yarda a bar shi zuwa ƙarshen zango.