Tara Rauta Ba Ya Ƙara Intanet: Jan Kunne Ga Masu Wifi A Zongon Wagadugu

Akwai wata magana da ta yi jijiya a tsakanin samarinmu masu sayar da tikitin wifi a Zongo, nan Wagadugu, kuma ta ishe ni. Da zarar rezo ya yi nauyi, masu saye suka fara ƙorafi, shawarar farko da ake ba mai sana'a ita ce, "Ƙaro rauta." Sai ya kwashi ribar wata guda ya sayo akwati na uku ko na huɗu, ya soka waya a duk kafar da ya ga babu komai, ya ɗaure shi a sanda bisa rufin kwano. Kwana biyu abin ya ƙara dagulewa. Daga nan sai zargi: kamfani ne ke satar mega, ko maƙwabci ne ya kafa na'urar zuƙe rezo, har da masu cewa hannu aka sa wa sana'ar. Zumunci na yin tsami a kan wannan, alhali ciwon yana cikin saitin akwatin.

Duk abin da ka aika ta intanet, murya ko hoto, ana yanka shi ne ƙananan ƙunshi, kowanne bai cika wuce bayit 1,500 ba. Aikin rauta shi ne miƙa waɗannan ƙunshi gaba, kuma hanya biyu take bi. In tana yanayin gada, miƙawa kawai take yi daga kafa zuwa kafa, ba ta canza komai. In tana yanayin rauta, ita ke raba wa wayoyi adireshin IP ta hanyar DHCP, ta kuma ɓoye su duka a bayan adireshi ɗaya ta hanyar NAT. An fito da dabarar NAT a 1994 saboda adireshin IPv4 bai wuce kusan biliyan 4.3 ba, kuma ba zai ishi duniya ba.

To, a ina cikin wannan aka ce rauta tana haifar da intanet? Burkina Faso ba ta da teku. Intanet ɗin da muke amfani da shi yana shigowa ne ta wayoyin fiba daga ƙasashen gaɓa irin su Gana, Togo da Kodibuwa, sannan ya iso gare ka ta hannun Moov Africa, wato tsohon ONATEL, ko Orange, ko Telecel, ko Canalbox da ya fara aiki a Wagadugu a 2021. Abin da ka biya shi za a sako maka. Duk wanda ya taɓa tura baro zuwa famfon unguwa ya san cewa ƙara kawunan famfo a kan bututu ɗaya ba ya ƙara ruwa, sai dai ya raba wanda ke zuwa. Mai mega 50 da ya sayar wa mutum 100 tikiti, in suka buɗe bidiyo lokaci guda, rabin mega kowa zai samu, ko da rauta goma ya jera. Akwati na biyu nisan da wifi ke kaiwa yake ƙarawa, shi ke nan. In ma ba da waya aka haɗa shi ba, ta iska yake karɓa yana maimaitawa, to kusan rabin gudun ya tafi.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Yawancin ƙananan rauta daga kwali suke fitowa a yanayin rauta, kowace tana ɗaukar kanta shugaba. Ka soka waya a kafar LAN ta sabuwar ba ka kashe DHCP ɗinta ba, sai ta shiga raba adireshi tana nuna wa wayoyi hanyar da ba ta kaiwa ko'ina. Shi ne za ka ga waya ta kama wifi, sanduna cike, amma ko saƙon WhatsApp ba ya fita. Ka soka a kafar WAN kuma, ka yi NAT a kan NAT. Kyamarar tsaro ta ƙi buɗuwa daga nesa, wasannin intanet su riƙa yankewa, in kuma akwatunan biyu duk suna amfani da 192.168.1.1, hanya ta toshe gaba ɗaya.

Ga inda asarar ta fi ciwo. Babban akwatin da ke duba tikiti, wanda galibi MikroTik ne, na kamfanin ƙasar Latbiya da aka kafa a 1996, yana gane kowane mai saye da adireshin wayarsa. Idan ka sa masa wata rauta mai NAT a tsakani, duk mutanen da ke bayanta mutum ɗaya yake ganinsu. Yaro ɗaya ya sayi tikitin dala ashirin, layi guda ya hau kyauta. Kai kana can kana tsine wa ɓarayin rezo, alhali da hannunka ka buɗe musu ƙofa. Haba ɗan'uwa! Kuɗin da ka zuba a akwati huɗu, da ka ba wani masani kaɗan daga ciki ya zauna da kai yini ɗaya, da ka huta.

Akwai kuma masu haɗa akwati biyu da waya biyu, wai don gudu ya ninka. Abin da ke faruwa shi ne ƙunshi su yi ta zagaye ba fita, har komai ya tsaya cak. Tun 1985 Radia Perlman ta ƙirƙiro maganin wannan, wato STP, amma ƙananan akwatuna masu araha da yawa ba su da shi.

Gaskiya ne, ɗauke wutar SONABEL a watannin zafi, da ƙurar hunturu, da ruɓaɓɓiyar waya su ma suna da nasu laifin.

Ga abin yi. Akwati ɗaya tak zai zauna a yanayin rauta, shi ke raba adireshi, shi ke duba tikiti. Sauran duka a mai da su gada. A shafin saiti za ka ga an rubuta Access Point ko Bridge, ko Point d'accès in da Faransanci ne. Wadda ba ta da wannan zaɓi, kashe DHCP ɗinta, ba ta adireshin da babu mai shi, ka soka waya a kafar LAN, ka bar WAN fanko.

A cikin MikroTik, gadar da kake gani a Winbox, manhajar da ake saita shi da ita, ba kafa ce ta ƙarfe ba, kafa ce ta manhaja wadda ke ɗaure kafofi da yawa su zama ɗaya. A kanta ake ɗora adireshi da DHCP da shafin tikiti, ba a kan ɗaya daga cikin kafofin da ke ƙarƙashinta ba. Kada ka kuskura ka saka kafar da ta fito daga akwatin kamfani cikin wannan gada. In ka yi haka, masu saye za su karɓi adireshi kai tsaye daga can, su tsallake tikitinka. Ka bar RSTP, wato wani nau'in STP ɗin nan, a kunne a kan gadar.

Ka raba gidanka da kasuwarka. Da VLAN, waya ɗaya za ta ɗauki hanyoyi daban-daban, kowace da lambarta, har 4,094. Ka ba iyalinka da kyamararka lamba ɗaya, masu saye wata. Bai dace baƙon da ya sayi tikitin awa ɗaya ya iya leƙa kwamfutar da kake ajiye lissafinka ba.

Sai FastTrack, wanda samari ke kunnawa don sun ji an ce yana ƙara gudu. Yana rage wa akwati wahala, amma ƙunshin da suka bi ta nan suna tsallake ƙa'idar da ka sa ta iyakance gudun kowane mutum. Sakamakonsa, mai sauke fim ɗaya ya shanye rabon mutum ashirin. Mai sayar da tikiti ya cire masu saye daga cikinsa.

Kafin ka taɓa komai, ajiye kwafin saitinka, ka kuma danna Safe Mode, don in ka kulle kanka a waje akwatin ya koma yadda yake. Ka daina tsira allura a ramin goge saiti duk lokacin da ranka ya ɓaci. Ka canza kalmar sirrin da akwati ya zo da ita, ka sabunta manhajarsa, domin a 2018 an kutsa cikin dubban MikroTik a duniya ta wata ɓaraka a Winbox. Ka kuma karanta yarjejeniyarka da kamfani, ka tambayi hukumar ARCEP abin da doka ta ce game da sake sayarwa.

Ranar da rezo ya sake yin nauyi, cire komai, haɗa kwamfuta da waya kai tsaye a akwatin kamfani, ka auna gudun safe da dare. In bai kai abin da ka biya ba, tafi ofishinsu da alƙalumanka a rubuce. In ya kai, to gyaran naka ne, kuma mutanen da suka ba ka kuɗinsu suna bin ka bashin wannan gyara.