Kafin Ka Kafa Kamfani a Garwa, Duba Sunan Wa Ke Kan Takarda

Ɗan kasuwar da ya taso daga Kano ko Mubi ko Maraɗi ya sauka Garwa ba ya jin ya bar gida. Kiran salla ɗaya ne, riga da hula ɗaya ne, a kasuwa kuma in Fillanci ya gagare shi Hausa za ta fisshe shi. Tarihi ma yana bayansa, domin kafin Jamusawa su kama garin a 1901, Garwa tana ƙarƙashin Lamiɗon Adamawa ne da ke Yola, kuma fatake sun daɗe suna bin kogin Binuwai da hajarsu. Wannan sabon shi ne ke yaudarar mutane. Sai mutum ya ɗauka tunda ya san hanyar masallaci ya kuma san mai masauki, to ya san ƙasar. Alhali ranar da rigima ta tashi, ba a zauren mai unguwa za a yanke hukunci ba. A kotu ne, da Faransanci, bisa dokar da bai taɓa karantawa ba.

Abu na farko da ake mancewa shi ne Kamaru ba ta cikin ECOWAS. Tana cikin ƙungiyar tattalin arziki ta CEMAC ne, tare da Chadi, Gabon, Kwango, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini. Gaskiya ne akwai tsohuwar yarjejeniya tun 1963 da ta bai wa ɗan Najeriya damar shiga Kamaru ba tare da biza ba, amma izinin shiga daban, izinin zama daban, izinin kasuwanci kuma daban. Wanda zai wuce wata 3 yana buƙatar katin zama, wanda a can ake kira carte de séjour, hukumar 'yan sanda ce ke bayarwa, kuma duk bayan shekara 2 ake sabunta shi. Mai zama ba kati, kullum ya hangi shingen jandarma gabansa na faɗuwa, kuma abin da yake zubarwa a hanya kaɗan-kaɗan yakan zarce kuɗin katin.

Takardar rajistar da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta ba ka a Abuja ba ta buɗe maka shago a Garwa. Kamaru na bin tsarin dokokin kasuwanci na OHADA, wanda aka ƙulla a 1993, ƙasashe 17 ne a ciki, sakatariyarsa a Yawunde, babbar kotunsa a Abijan. Nijar tana ciki, Najeriya ba ta ciki. Shi ya sa ɗan Maraɗi ko Damagaram bai cika ɗimuwa ba, ya riga ya san RCCM, wato rajistar kasuwanci da ake yi a ofishin magatakardan kotu. Ko da reshen kamfaninka na gida ka buɗe, dokar OHADA ta ba ka shekara 2 ne kacal ka mai da shi kamfanin da aka kafa a cikin yankin, sai fa in hukuma ta ɗage maka.

Ita rajistar kanta ba ta kai wahalar da masu shiga tsakani ke kambamawa ba. Tun 2010 gwamnati ta soma buɗe cibiyoyin CFCE, inda aka tara ma'aikatan kotu da na haraji da na fansho a rufi ɗaya, kuma akwai ɗaya a Garwa. A rubuce sun ce awa 72, a aikace ka ƙara haƙuri. Nau'in kamfanin da ya fi dacewa da matsakaicin ɗan kasuwa shi ne SARL, inda bashin kamfani ke tsayawa a kan jarin da aka zuba, ba ya bin ka gida. Mutum ɗaya ma yana iya kafa shi. Wata doka ta Disamba 2016 ta sauke mafi ƙarancin jarinsa zuwa sefa 100,000, ta kuma ce ba dole ne a je wurin notaire ba, wato jami'in da ke tabbatar da takardun yarjejeniya, idan jarin bai haura sefa miliyan 1 ba. Babban kamfani irin SA kuwa sai da miliyan 10. Duk da wannan sassauci, ni ba zan ba baƙon da bai iya Faransanci shawarar tsallake notaire ba. Kuɗinsa bai kai asarar sa hannu a kan abin da ba ka fahimta ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne izinin musamman na baƙi. Dokar harkokin kasuwanci ta 21 ga Disamba 2015 ta ce baƙo ba zai yi kasuwanci a Kamaru ba sai da amincewar ministan kasuwanci, abin da ake kira agrément. An sassauta wa kamfanin da 'yan ƙasa ke riƙe da kason jarin da doka ta ƙayyade. Daga nan shawarar nan mai daɗin ji ke shigowa. Mai masauki ko dillali zai ce, "Alhaji, me zai kai ka Yawunde? Sa sunan yarona kawai, ai duk ɗaya ne." Kai kuma ka tuna an ce da ɗan gari kan ci gari, sai ka amince. A yi rajista da sunansa, a buɗe asusun banki da sunansa, a kama hayar sito da sunansa, kuɗi kuwa naka ne tun daga sisi.

Shekarun farko lafiya lau, domin sau da yawa mutumin kirki ne, ba da niyyar cuta ya shigo ba. Amma mutum yakan mutu, kuma magada ba su san wata magana da aka yi a bayan sallar isha ba. Abin da suka sani shi ne takarda ta ce kamfanin mahaifinsu ne. Ko yana raye ma, yana iya cin bashi a wani wuri, masu bin sa su samo umarnin kotu a rufe asusun da ke ɗauke da kuɗinka. Yana iya yiwuwa kuma ciniki ya bunƙasa, zuciya ta sauya. A duk waɗannan, kai da ka zuba jari ba ka da bakin magana, kuma in ka matsa sai ya zama kana shaida wa alƙali da bakinka cewa ka kewaye doka. Addininmu ma da ya girmama amana, shi ne ya umarci a rubuta bashi a kafa shaidu. In har za ka yi tarayya da ɗan ƙasa, to ya zama abokin tarayya na gaskiya: kasonsa a rubuce, naka a rubuce, a fayyace wane ne manaja, wa ke sa hannu a banki, kuma me zai faru in ɗaya ya rasu ko ya so fita. Alhaji Aliko Ɗangote da ya buɗe masana'antar siminti a Duwala a 2015, kamfani ya kafa bisa dokar Kamaru, kowa ya san na wane ne. Ba girman jari ne ya sa haka ba, ƙofar da ya bi a buɗe take ga mai buhu ɗari.

Fili ma haka. Dokar filaye ta 1974 ta ce cinikin fili mai takardar mallaka, wato titre foncier, sai ta hannun notaire, in ba haka ba cinikin ya ɓaci. Baƙo kuma sai ministan filaye ya sa hannu, sannan an hana shi mallaka a yankunan bakin iyaka. Takardar da wani mai unguwa ya buga wa hatimi tana da daraja a idon jama'a, amma ba ita ce mallaka ba.

Sai batun kuɗi. Sefar Garwa ba ita ce sefar Maraɗi ba, ko da yake darajarsu ɗaya, 655.957 a kan yuro guda. Ta Kamaru bankin BEAC ke bugawa, ta Nijar BCEAO, kuma mai shago ba zai karɓi ta wancan gefen ba sai an bi ta wurin 'yan canji. Tun Maris 2019 CEMAC ta tsaurara dokar musayar kuɗi. Jarin da baƙo zai shigo da shi sai an sanar da hukuma tun kafin ya iso, kuma tsabar kuɗin da ta haura kimanin sefa miliyan 5 sai an bayyana ta a iyaka. Mutanenmu sun saba da 'yan canji, a miƙa naira a Mubi a karɓi sefa a Garwa kafin la'asar. Sauri kam akwai. Amma ranar da ka so fitar da ribarka ta banki, za a tambaye ka shaidar yadda jarin ya shigo, kuma ɗan canji ba ya ba da irin wannan takarda.

Haraji a Kamaru ba wasa ba ne. Kowane kamfani sai ya mallaki lambar mai biyan haraji, NIU. Harajin TVA, wato VAT, kashi 19.25 cikin 100 ne, ya ninka na Najeriya fiye da sau biyu. Kamfanonin da suka kai wani mataki suna biyan kashi 2.2 na cinikinsu duk wata, an ci riba ko ba a ci ba, abin da ke cin mai sayar da kaya masu siririyar riba kamar hatsi. Ma'aikata sai an yi musu rajista a hukumar fansho ta CNPS, yaran da ka ɗauko daga gida kuma kwangilar aikinsu sai ta samu sa hannun ma'aikatar samar da ayyuka. A 2019 an ayyana jihar Arewa Mai Nisa, inda Marwa take, a matsayin yankin da rikici ya durƙusar, aka yi rangwamen haraji ga masu zuba sabon jari. Garwa tana jihar Arewa ne, don haka kada wani ya sayar maka da rangwamen Marwa a Garwa.

Ka kuma duba hajar da za ka taɓa. Auduga tana da yawa a yankin, amma kamfanin SODECOTON, mai hedikwata a Garwa tun kafa shi a 1974, shi ke ba manoma iri da taki bashi, shi ke sayen amfanin. Wanda ya bi ƙauyuka yana sayen auduga don tsallakawa da ita, fasa-ƙwauri yake yi. Man fetur na bakin titi da ake kira zuwa-zuwa ya nuna yadda sana'ar da ta dogara da bambancin farashin iyaka take: Najeriya na cire tallafin mai a Mayun 2023, lissafin masu yin ta ya watse. Kafin nan an ga rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kuma ita ma Kamaru takan dakatar da fitar da hatsi idan farashi ya tashi a gida. Mai tara masara a Ngong ko mai sayen shanu a Adumri da nufin kai wa Najeriya ya sa wannan a lissafinsa, ya kuma tambayi halin hanya kafin ya nufi wajen Tuboro, inda masu garkuwa da mutane suka daɗe suna addabar makiyaya da 'yan kasuwa.

In kuma ciniki bai karɓa ba ka yanke shawarar komawa gida, kada ka ja ƙofa kawai ka hau mota. Kamfanin da ba a soke rajistarsa a RCCM ba, ba a kuma sanar da ofishin haraji ba, a wurin hukuma yana nan da ransa, tarar rashin kai bayanai na taruwa a kansa wata bayan wata, kuma sunanka da lambar fasfonka ne ke cikin fayil ɗin.